Ƙofar da ke buɗewa da azahar

Ƙarfe ɗaya da minti goma sha biyu na rana, wata Talata, abin ya fara lalacewa. Na san lokacin daidai domin na rubuta shi a gefen shafi, kamar yadda nake rubuta lokacin komai tun ina firamare. A wannan mintin, layin da ke tafiya a miƙe a kan allon kwamfuta ya yi tsalle sama, ya tsaya a can kusan minti huɗu, sannan ya faɗo wurinsa. Wannan tsallen shi muke kira buɗewar ƙofa. Wata goma sha ɗaya na yi ina kallonsa, ina ƙirga shi, ina auna tsawonsa. Matsalar ranar ita ce ban sa ƙofar a cikin na'urar ba tukuna.

Dalilin ba wani abin labari ba ne. An rufe gadar da muke bi daga Omdurman, motarmu ta zagaya, na iso Khartum rana ta take. Tantanin da nake shafawa ya fashe sau uku kafin na huɗu ya zauna. Furotin ɗin yana cikin firiza, makullin firiza yana aljihun babban ɗalibin ɗakin gwajinmu, shi kuwa ya fita fatur, karin kumallon hantsi na wake da burodi, tun ƙarfe goma sha ɗaya bai dawo ba. Sai na zauna jiransa, na bar na'ura a kunne a kan tantanin da babu komai a jikinsa sai mai. Ƙofar da ke can a daskare cikin firiza ta buɗe a gabana.

Ya kamata in faɗi abin da muke yi, domin mahaifiyata har yau cewa take aikin asibiti na karanta. Ƙwayar bakteriya a lulluɓe take da wani siririn tantani na mai. Ruwan gishirin da ke cikinta da wanda ke wajenta ba ƙarfinsu ɗaya ba, kuma da wannan bambancin take rayuwa, kamar yadda madatsar Jabal Awliya ke riƙe ruwa sama a gefe ɗaya, ƙasa a ɗayan. In tantanin ya yi yoyo, ƙananan ɓarɓashin gishiri masu ɗauke da lantarki, waɗanda muke kira ayon, suka riƙa wucewa yadda suka ga dama, ƙwayar ta mutu. Amma kuma tana ƙera furotin a cikinta waɗanda aikinsu a waje yake. Dole su fita, kuma kowannensu ya fi ayon girma nesa ba kusa ba. Saboda haka akwai ƙofa a jikin tantanin, ita ma furotin ce. Siffarta kamar kalangu, faɗi sama da ƙasa, tsuke a ƙugu, da ɗan toshi a bakinta na waje. Furotin mai fita yana ɗauke da wani ɗan guntu a goshinsa, shi ne makullinsa. In guntun ya shiga gefen ƙofar sai ƙugun ya saki, toshin ya kauce. Abin da masana suke son sani shi ne yadda ake fitar da katifa ta ƙofa ba tare da sauro ya shigo ba.

Mu kuma muna da wani ɗan akwatin farar roba mai ɗaki biyu, da bango a tsakani, a jikin bangon da huda wadda ba ta fi kaurin gashi biyu ba. Nakan cika ɗakunan da ruwan gishiri, in shafa mai a kan hudar har ya zama tantani, in tsoma wayar azurfa a kowane gefe, sannan in sa ƙofar. In a rufe take, layi ya tafi a miƙe. In ta buɗe, ayon su wuce, layi ya hau mataki ɗaya. Wutar ƙarama ce ƙwarai, shi ya sa akwatin ke cikin wani kejin ƙarfe, kejin kuma an ɗaura masa koriyar waya wadda aka ce tana tafiya ƙasa ta kwashe duk wutar da ba a gayyata ba.

Mai duba aikina farfesa ne, kowa Brof yake kiransa. Shekara uku ya yi a Turai wajen shekara ashirin da suka wuce, kuma jikinsa kaɗai ya dawo. Rabin maganganunsa da "lokacin da muke can" suke farawa. Daga can ya zo da na'urar, daga can kuma wani tsohon abokin aikinsa ke aiko masa da 'yan kwalaben furotin don zumunci. Ban taɓa ganin Brof ya taɓa na'urar ba sai in an yi baƙi. Littattafai sun ce ƙofar nan in ba a kawo mata makulli ba a toshe take ruf. Mu kuwa muna ganin tana buɗewa da kanta, matakai masu tsabta, kowanne tsawonsa ɗaya da ɗan'uwansa. Brof ya raɗa wa abin suna numfashin ƙofa, ya ce duniya ce ba ta lura ba. A tsarin aikin da na rubuta masa a farko na sa layi ɗaya, cewa za a gwada tantani ba furotin don a tabbata. Ya soke layin da jan biro, ya rubuta a gefe cewa man yana da wuyar samu, kuma a can sun yi wannan sau dubu.

Kwana tara ban gaya wa kowa ba. Ni ba mai magana ba ce. A aji in na san amsa nakan rubuta ta a littafina in jira wani ya faɗa. Kowace rana sai in shafa tantani, in ƙi sa furotin, in zauna. Kowace rana ƙofar da babu ita tana buɗewa, sau uku, sau biyar, wata rana sau shida.

A rana ta goma na nuna wa babban ɗalibin. Shekararsa ta shida ke nan a digirin da ake yi a huɗu, ya koyi tafiyar Brof da tarinsa da yadda yake riƙe tabarau, abin da ke cikin littattafan ne kawai bai samu sukunin koyo ba. Ya leƙa allon yana sakace haƙori.

Ya ce, "Kin wanke akwatin?"

Na ce na wanke.

"Da me? Da irin wankin gidanku?" Ya yi dariya shi kaɗai. "Kada ki ji haushi, ya Ustaza. Ku Hausawa fa a agashe aka san ku. A gasa nama da ƙuli babu kamar ku, wallahi ni kaina duk Alhamis sai na je. Amma wannan aikin hannu ne mai laushi."

Da Larabci ya faɗa, kamar duk maganar da ake yi a ginin. Na mayar masa da amsa da Hausa a cikin raina, amsa mai kyau, wadda da kakata ta ji da ta yi alfahari da ni. A fili kuwa cewa na yi zan sake wankewa.

Brof ma abin da ya ce ke nan, sai dai shi ya fi iya tsara shi. Ya ce furotin yana maƙalewa a jikin roba, ragowar jiya ce nake gani, kuma wannan ma hujja ce cewa ƙofar tana da ƙarfin rai. Na dafa akwatin. Na jiƙa shi a sinadarai uku ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙarshe na ɗauko wani sabo fil daga kwali, wanda furotin bai taɓa shiga ba. Ƙarfe ɗaya da minti tara ƙofar ta buɗe.

A makon ne Brof ya yi lacca a babban zaure. An kawo shayi da dabino, shugaban tsangaya ya zauna a gaba yana gyangyaɗi cikin ladabi. Layukana ne a kan bango, waɗanda na kwashe watanni ina tarawa, an ƙara musu launi. Brof ya ce nan ba da jimawa ba za a sake rubuta littattafan Turai daga bakin kogin Nilu. Aka yi tafi. Bai ambaci sunana ba, kuma a karo na farko na gode masa.

Abin da ya fitar da ni daga duhu ɗabi'ar nan ce da ƙannena ke yi mini dariya a kanta. Wata Juma'a da hantsi na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na ɗauko littattafan aikina guda huɗu, na kwafe lokacin kowace buɗewa a takarda ɗaya, ba tsawonta ba, ba faɗinta ba, lokacin kawai. Suka jeru tuli uku. Tuli ɗaya wajen sha ɗaya da rabi. Babban tuli daga ƙarfe ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ƙarami wajen la'asar. Da na duba watan azumi, tulin sha ɗaya da rabi ya ɓace gaba ɗaya, na azahar ya ƙara girma. Na daɗe ina kallon takardar har mahaifiyata ta tambaye ni ko mutuwa aka yi.

Washegari na tafi Mantiƙa Sinaiya, unguwar masu gyaran injuna, wurin kawuna, ƙanen mahaifiyata. Naɗin waya yake yi wa injunan da suka ƙone, na fanka, na famfo, na niƙa. Mahaifinsu tsinkar auduga ya yi a gonakin Jazira har bayansa ya lanƙwashe, kawu kuma ya tsaya a aji huɗu ya shiga birni. Ban je don ina tsammanin ya san bakteriya ba. Na je ne domin shi kaɗai na sani wanda lantarki ke jin maganarsa. Na same shi a tsugune yana ƙirga zagayen jan waya da leɓɓansa, na jira ya kai ƙarshe.

Ya ce, "A'a, Daktora da kanta! A share mata benci. Ɗiyata, me ya kawo ki cikin baƙin mai?"

Na yi masa bayani yadda zan iya, da kalangu da katifa da sauro. Na miƙa masa takardar. Ya riƙe ta da yatsu biyu daga gefe don kada ya ɓata ta.

"Wato kina gaya mini ƙwayar cutar nan tana cin fatur, tana sallar azahar da la'asar, har azumi take yi?"

"Haka takardar ta nuna, Kawu."

"To ta fi rabin mutanen layin nan." Ya ɗaga murya ya gaya wa mai walda na gefensa, su biyu suka yi dariya har mai waldar ya ajiye gilashinsa. Sannan ya juyo, fuskarsa ta koma ta aiki. "Me mutane ke yi bayan fatur?"

"Wanke hannu. Wanke kwano."

"Kafin azahar fa?"

Na fara ganin inda ya dosa.

"Tankinku a saman gini yake, ko? In ruwa ya yi ƙasa, awwama ta sauka, wannan ƙwallon da ke yawo a kan ruwa, sai injin famfo ya tashi da kansa. In ya cika ya mutu. Kwayyis, madalla. Wayar ƙasar na'urarku, ina ta tafi?"

"Ƙasa."

"Kin gani da idonki, ko a littafi kika karanta?"

Ya ce tsohon inji in naɗinsa ya fara gajiya yakan saki wuta kaɗan a jikinsa, wutar ta bi bututu. Ya ce duk wanda ya taɓa wanka a gidan haya ya san famfo mai cizo. Ya saya mini shayi da na'ana'a, ya ƙi barina in tafi sai da na shanye, ya ce in gaida yayarsa in gaya mata har yanzu yana jiran kwanon da ta yi masa alkawari.

Ranar Lahadi na bi koriyar wayar. Wata goma sha ɗaya ina zaune kusa da ita ban taɓa tambayar kaina inda ta nufa ba, saboda haka in ana rabon wauta a ginin nan, ni ma a ajiye mini kasona. Ta bi bayan kabad, ta fita ta kusurwar taga, ta sauka kamu uku, ta ƙare a naɗe a jikin bututun ƙarfen da ke hawa zuwa tanki, an ɗaure ta da ɗan guntun wayar rataye kaya. Na bi bututun ƙasa. Ya shiga injin famfo da ke bayan gini, inda ba a jin ƙararsa daga ɗakinmu saboda na'urar sanyaya iska. Daga injin zuwa cikin ƙasa kuwa bututun roba ne, sabo, an canza shi a wani gyara da ba wanda ya tuna. Wayar ƙasarmu ba ta taɓa ƙasa ko'ina ba. Kai tsaye take shan abin da injin ya zubar ta kawo mana.

Dattijon da ke kula da kayan ɗakin gwaji shi ya ɗaura ta. Ammu muke kiransa, wato baffa. Bai ɓoye ba, bai kuma ga abin kunya ba.

Ya ce, "Ya bitti, 'yata, na nemi sandar jan ƙarfe, aka ce in rubuta takarda. Na rubuta. Brof yana son na'ura ta tashi kafin baƙi su zo. Duk Khartum a bututu ake ɗaurawa. Firijin gidana ma haka yake, bai taɓa kashe kowa ba."

Na so in tabbata. Ƙarfe tara na safe, lokacin da ƙofar ba ta taɓa buɗewa ba, na shafa tantani ba furotin, na je bayin mata na buɗe famfo huɗu duka, na dawo na zauna da agogo a hannu. Minti goma sha shida layi ya hau. Na koma na rufe, tanki ya cika, layi ya sauka. Na maimaita sau uku a kwana uku. A na ukun sakatariyar sashe ta kama ni ta ce ko aljanu gare ni.

Ban iya gaya wa Brof da baki ba. Na rubuta masa a takarda cewa ina roƙon ya zaɓi lokacin da yake so ƙofar ta yi numfashi, zan sa ta yi. Ya zo ƙarfe goma, da babban ɗalibi a bayansa. Na nuna musu sabon akwati, na nuna musu kwalbar furotin a rufe da hatiminta. Na fita, na dawo da hannun rigata a jiƙe. Muka tsaya mu uku muna kallon allo. Da layin ya hau, matakin nan mai tsabta wanda aka yi wa tafi a babban zaure, na buɗe taga don su ji gurnanin injin a ƙasa. Brof ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. 

Ya ce, "Wa ya ba ki izinin ɓarnar ruwan jami'a?"

Ya fita. Babban ɗalibi ya cire nasa tabarau ya goge, ya bi shi.

Kawu ne ya zo ya kafa mana sandar. Mai gadi ya tsare shi a ƙofa rabin awa saboda rigar aikinsa, sai da na sauko na shigo da shi. Ya zo da sandar jan ƙarfe da guduma da buhun gawayi da gishiri, domin haka ake yi: a haƙa rami, a kafa sanda, a zuba gawayi da gishiri, a jiƙa, ƙasa ta riƙa shan wuta da kyau. Babban ɗalibi ya leƙo ta taga ya ga gawayi.

Ya ce, "Ma sha Allah! Ashe yau gashi za a yi. Ina naman, ya Hajj?"

Kawu bai ɗago ba. Ya ce da Larabcin da ya fi nasa tsabta, "Sauko, ɗana, ai kai muke jira. An ce shekara shida kana jiƙe a cikin yaji."

Ammu, wanda ya fito taya riƙe sanda, ya yi dariya har guduma ta kusa samun yatsansa.

Daga ranar layi ya miƙe. Aka ci fatur, aka yi alwala, tanki ya sauka ya hau, layi bai motsa ba. Na sa furotin, na zauna mako uku, bai motsa ba. Ƙofar a toshe take, kamar yadda littattafan da za mu sake rubutawa suka faɗa. Sannan na ɗauko 'yar kwalbar makullin, guntun nan na goshin furotin, wadda ke firiza tun zuwana ba wanda ya buɗe, domin ƙofar da ke buɗewa da kanta ba ta buƙatar makulli. Na ɗiga a ɗaki ɗaya. Bayan ɗan lokaci layi ya hau. Bai yi kama da na injin ba. Gefensa a yagalgale, yana rawa, ya rufe ya buɗe ya sake rufewa kamar mai shakka. Da na ƙara ƙarfin lantarkin da ke tsakanin ɗakunan zuwa kusa da abin da ƙwaya mai rai ke riƙewa, sai ya rufe ya zauna. Wannan ce ƙofar gaskiya, na gan ta da idona, kuma ni kaɗai ce a ɗakin. Na rubuta lokacin.

Na rubuta kundina babi biyar. Na huɗu na injin famfo ne: takardar tuli uku, hoton wayar a jikin bututu, gwajin famfo huɗu, da bayani a fili cewa duk abin da aka tara a wata goma sha ɗaya na farko ba na ƙofar ba ne. Na sa shi domin haka abin ya faru, kuma domin wata ɗaliba a wani gini mai tanki a sama kada ta yi asarar shekararta. Kundi ba ya zuwa gaban masu jarrabawa sai da sa hannun mai duba aiki. Wa'adin rajistata kuma ƙarshen zangon zai ƙare. In ya wuce ba sa hannu, za a cire sunana, shekara biyu da rabi su tafi a banza.

Na ajiye kundin a teburin Brof. Bai ce a'a ba. Mutane irinsa ba sa cewa a'a, a'a magana ce da za a iya kai ƙara a kanta. Ya ce gobe. Gobe yana taro. Jibi ya tafi ta'aziyya. Mako na uku na ga kundin a ƙarƙashin tiren shayi, da zoben kofi a kan sunana. Labarin numfashin ƙofa kuwa ya ɓace daga bakinsa kamar ba a taɓa yi ba. Ya koma cewa lokacin da suke can, abu na farko da ake koya wa ɗalibi shi ne duba wayar ƙasa.

Na je wurin shugaban sashe na tambaye shi wa zai sa hannu in mai duba aiki bai sa ba. Ya ce Brof malaminsa ne, shi ya koyar da shi, ya ba ni alewa daga cikin aljihun tebur. Na je ofishin karatun gaba da digiri. Matar da ke wurin ta ce akwai fom na canza mai duba aiki, sai dai fom ɗin yana buƙatar sa hannun mai duba aikin da ake son canzawa. Na nemi ganin shugaban tsangaya sau huɗu. A na huɗun na same shi a kan matakala, na faɗi jimlolin da na haddace a mota tun daga Omdurman. Ya saurara yana murmushi, ya ce ya ji daɗin ganin 'ya'yan talakawa suna kaiwa wannan matsayi, ya ce in gaida gida.

Mahaifiyata ta ce in kai wa Brof turaren wuta da soyayyar gyaɗa. Ta ce babba ba ya son a nuna masa ya faɗi, so yake a ba shi hanyar tashi. Na ce ni ban kayar da shi ba, inji ne. Ta ce, "To ki je injin ya sa miki hannu." Ban kai turaren ba. Ba don ƙarfin hali ba ne, ban san yadda zan miƙa ba ne.

Saura kwana biyar wa'adi ya cika na tsare shi a wurin ajiye motoci, da rana tsaka, yana neman makulli a aljihun jallabiyarsa. Ban shirya ba. Na tsinci kaina tsakaninsa da ƙofar motar, da kwafin kundin a rungume, kuma ban matsa ba. Kundin da ke kan kantata yau babi huɗu ne, ba biyar ba, kuma a wannan wurin aka yanke hakan. Ban yi gardama ba, wannan ma ina rubuta shi ne don kada a ɗauka na fi su da wani abu mai yawa.

Na ce, "Ya Brof, saura kwana biyar. Ina so in san abin da zan yi ka sa hannu."

Ya dubi hagu da dama, ya ga ba kowa sai mai gadi can nesa a inuwar bishiya. Ya karɓi kundin, ya buɗe daidai babi na huɗu ba tare da ya nema ba, wato ya karanta shi tun tuni, wataƙila ba sau ɗaya ba. Ya naɗe kusurwar shafin farko da ta shafin ƙarshe, ya mayar mini.

Ya ce, "Ki cire daga nan zuwa nan. A wurinsa ki sa layi ɗaya, cewa an inganta wayar ƙasa bisa shawarar mai duba aikin. Sauran ki bar shi yadda yake, aiki ne mai kyau. Ƙofar a rufe take, ai ni na fara zargin haka tun da daɗewa. Ki kawo mini ranar Lahadi kafin fatur, zan sa hannu."